Waiwaye: Yadda aka fara ƙidayar masu galahanga daga bakin ƙofa

Duk 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa lalurar galahanga (autism, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane), sai gardamar ta dawo sabuwa a Legas. Wasu su ce cutar 'ya'yan masu kuɗi ce, ta mutanen Ikoyi da Lekki. Wasu su ce tana nan a Agege da Idi-Araba, suna ne kawai ba a raɗa mata ba. Da an tambayi yara nawa ke samun taimako, kuma cikin nawa, sai baki ya mutu.

Farkon labarin sananne ne. Wani likita, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, bayan nazarin yara 11. Legas ta samu dokar masu buƙata ta musamman a 2011, ta tarayya ta biyo a 2019.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1978. A shekarar wani mai bincike, Victor Lotter, ya wallafa bincikensa kan ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya. A bincikensa na baya a Ingila, a 1966, yaran yanki guda ya bi ya tantance. A Afirka kuwa babu rajistar da zai dogara da ita, sai ya nufi cibiyoyin da ake kula da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Ya duba 1,312, ya samu 9 masu galahanga. Ya kuma lura cewa 'ya'yan masu hali sun yi yawa a cikin waɗanda ya samu da lalurar. To, wa ke iya kai yaro irin waɗannan cibiyoyi a wancan zamani? Mai kuɗin mota da ilimin boko. A ganina maganar "cutar masu kuɗi" daga irin wannan ƙidaya take shan ruwa: wanda ya iso ƙofa ake rubutawa, na cikin gida ba ya lissafi.

Har yau galibin alƙaluman daga asibiti da makaranta suke fitowa. Uwa a Agege ta ga ɗanta ya shekara 4 bai ce "Umma" ba, kakarsa ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, kawunsa ma sai da ya daɗe." Daga nan sai rubutun sha, sai ruƙiyya. In ma ta yunƙura zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, za ta bar sana'ar yini guda, ta sha cunkoso a danfo, sannan a yi mata tambayoyi da Turanci ko Yarbanci.