Farfaɗo da Tsohon Babur Mai Inji Bugu Biyu

Babur mai inji bugu biyu shi ne wanda injinsa yake kammala zuƙar mai, matsewa, ƙonewa da fitar da hayaƙi a cikin hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin, wato fulogi yana ba da wuta a kowane juyi na kuranshaf, sandar da take mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyawa. Ba shi da bawul irin na inji mai bugu huɗu. Fistin ne da kansa yake buɗe ƙofofin da ke jikin silinda yana rufe su. Wannan sauƙin ƙira ne ya sa ake sha'awar farfaɗo da tsofaffinsa, kuma shi ne yake yaudarar masu gyara, domin injin yakan tashi ko da yana ɗauke da cutar da za ta kashe shi.

Asali

Dugald Clerk ya yi rajistar injinsa mai bugu biyu a Birtaniya a 1881, amma ƙirar da babura suka gada ta Joseph Day ce, wadda take matse cakuɗen iska da fetur a ɗakin kuranshaf kafin ta tura shi sama. Alfred Scott ya fara fitar da babura masu irin wannan inji a Ingila a 1908. Kamfanin DKW na Jamus ya yi fice da RT 125, wanda bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwaikwayi ƙirarsa a BSA Bantam na 1948 da Yamaha YA-1 na 1955. Daga baya kamfanonin Japan suka mamaye fagen da irin su Kawasaki H1 mai silinda uku na 1969 da Yamaha RD350 na 1973, kafin dokokin hana gurɓata iska su kori irin waɗannan babura daga manyan kasuwanni.

Kafin a taka kik

Babur ɗin da ya shekara goma ko ashirin a ajiye ba a gaggauta tayar da shi. Ana cire fulogi, a ɗiga ɗan mai a cikin silinda, sannan a juya injin da hannu a ji ko yana tafiya sumul. Tsohon fetur yakan bushe ya bar wani danƙo mai launin zuma a cikin kafireta, wanda yake toshe ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da fetur yake ratsawa, shi ya sa irin wannan babur yake tashi da cok kawai ya mutu da zarar an mayar da shi. Ana kwance kafiretar a jiƙa ta a busa ta da iska, ba a zura waya a ramin jet, don faɗaɗa shi ko da kaɗan yana sauya ma'aunin mai. Tsatsar tanki da tiyon da ya ƙage su ma sai an magance su, in ba haka ba wankin ya zama aikin banza. Daga nan sai a auna matsin silinda: lafiyayyen inji yakan ba da tsakanin psi (ma'aunin matsi) 100 zuwa 150, wanda kuwa ya gaza 90 yana neman sababbin zobban fistin, ko a rarake silindar a sa fistin mafi girma, wanda ake samu da ƙarin milimita 0.25 a kowane mataki.

Sil ɗin kuranshaf

A nan ne mafi yawan gyare-gyare suke rushewa, kuma nan ne ya fi cancanta a daɗe. Da yake ɗakin kuranshaf yana aikin famfo, dole ne ya kasance a toshe ruf, kuma abin da yake toshe shi wasu zobban roba ne guda biyu a gefunansa, waɗanda ake kira sil. Roba kuwa ba ta jure shekaru. Wadda aka ciro daga tsohon inji takan yi tauri har ta tsage idan an lanƙwasa ta da yatsa, alhali daga waje babu abin da yake nuna lalacewarta.

Idan sil ɗin ɓangaren magineto, na'urar da take samar wa fulogi wuta, ya saki, injin yana zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, sai fetur ya yi ƙaranci a cakuɗen, zafi ya hau. Alamarsa ita ce injin ya ci gaba da kuka bayan an saki totur, ya ƙi sauka da wuri. Mai babur yakan ɗauka ƙarfi ya samu, domin injin da mai ya yi wa kaɗan yana da zafin nama, har ranar da fistin zai narke ya manne a jikin silinda, injin ya buga ana tsakiyar gudu, tayar baya ta ƙame. Idan kuwa na ɓangaren kuloci ne ya saki, baƙin man giya ne yake shiga, sai a ga hayaƙi mai kauri ba ya yankewa, fulogi yana jiƙewa, man giya yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a toshe bakin kafireta da na salansa, a hura iska kimanin psi 6 a ciki, a zuba ido ga allurar ma'auni na 'yan mintoci; idan ta sauka, ruwan sabulu zai nuna wurin yoyon da kumfa. Sauya sil tun farko, ko da injin yana tashi lafiya, shi ne abin da ya fi dacewa ga duk babur da ya daɗe a ajiye.

Mai da wuta

Injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ɗakin kuranshaf, saboda haka man da yake shafa boris da fistin yana tafiya ne tare da fetur ya ƙone. A tsofaffin babura ana gauraya shi a tanki, misali kashi 25 na fetur ga kashi 1 na mai, wato mililita 40 a kowace lita. Daga 1964 Yamaha ta kawo famfon Autolube mai auna man da kansa, sauran kamfanoni suka biyo da nasu. Irin wannan famfo yana buƙatar a fitar da iskar da ta maƙale a tiyonsa kuma a daidaita wayarsa da ta totur. Wani abin da ba kowa yake lura da shi ba shi ne, cika mai a gaurayen fiye da ƙima yana rage yawan fetur ɗin da yake ratsa jet, don haka ba kariya ba ce kamar yadda ake zato.

Ta fuskar wuta, ana duba tazarar kwantak (ƙarafan da suke buɗewa su rufe don sakin wuta), wadda takan kasance milimita 0.3 zuwa 0.4, da ta fulogi, 0.6 zuwa 0.7. Kwandensa ko koyil da ya gaji yakan yi aiki da sanyi ya yanke idan ya ɗauki zafi. Wutar da take zuwa da wuri fiye da yadda littafin babur ɗin ya tsara tana iya huda kan fistin. Launin bakin fulogi yana ba da labari: ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kuwa haɗari ne.

Idan duk waɗannan sun daidaita amma babur yana tashi ya kasa ja, sai a koma ga salansa, inda gawayin man da ya ƙone yakan taru a ƙofar hayaƙi da cikin bututu har ya shaƙe numfashin injin. Ana kankare na ƙofar da katako ko ƙarfe mai laushi bayan an cire silinda, don kada ɓarɓashi ya faɗa wa boris, a zare bututun ciki a wanke shi dabam.