Yadda ake auna bayanin kayan aikin wakilin AI a manhajar neman biyan kuɗin gini

Ɗan kwangilar da ke gina azuzuwa a ƙauyukan Ringim ko ɗakin shan magani a yankin Bichi yakan ji masu sayar da manhaja suna cewa tasu tana da wakilin AI mai rubuta takardar neman biya da kansa. Kafin ya damƙa masa lissafinsa, akwai rubutun da ya kamata a duba, wato bayanin da aka yi wa kayan aikin wakilin.

Mene ne wakilin AI, kuma mene ne kayan aikinsa?

Wakilin AI manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira wadda ba ta tsayawa ga amsa tambaya, tana aiwatar da aiki idan an umarce ta. Kayan aikinsa su ne ƙananan ayyukan da aka ba shi izinin kira, kamar buɗe sabuwar takardar neman biya, nemo sunan mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, ko tura takarda ta imel. A tsarin MCP na haɗa wakilin AI da kayan aikinsa, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani cikin jimloli, da jerin abubuwan da za a cike masa da irin kowannensu.

Me ya sa wannan bayani yake da nauyi haka?

Domin shi kaɗai wakilin yake karantawa game da kayan aikin kafin ya zaɓi abin da zai yi. Bai ga cikin manhajar ba, kuma bai taɓa taka wurin ginin ba. Matsayinsa kamar na sabon akawu ne da aka miƙa wa takardar umarni ranar da ya kama aiki, sai dai akawu yakan ɗago kai ya tambayi maigida, shi kuwa wakilin sau da yawa yakan cike giɓin da hasashe, ya kuma fito da takarda mai kyan gani wadda kuskurenta ba ya bayyana sai an zo biya.

Me ake fara dubawa?

Ma'auni. Idan gurbin kuɗi bai faɗi ko naira ake rubutawa ko kobo ba, wannan bayani ya gaza tun daga farko, saboda wasu hanyoyin biyan kuɗi ta intanet, irin su Paystack, da kobo suke karɓar adadi. A irin wannan gurbi 250000 tana nufin naira 2,500, alhali ɗan kwangilar naira 250,000 yake nema. Haka kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a Amurka kuwa 4 ga Maris, don haka bayani nagari yakan kafa tsari ɗaya ya kuma ba da misali.

Kayan gini ma ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Siminti da buhu ake saye, mai kilo 50. Yashi da tifa. Rodi da tan ko da ɗaiɗai. Bulo da ƙidaya, kuma farashin mai inci 9 daban yake da na mai inci 6. Kwanon rufi da bandir. Gurbin da aka rubuta masa "adadi" kawai, ba tare da wani gurbi na ma'auni ba, zai bar wakilin ya haɗa tifa da buhu a layi ɗaya. Sai kuma sunayen kayan aikin su kansu: idan akwai na ajiye daftari da na tura takarda ga mai aiki, dole kowane bayani ya faɗi lokacin da ake amfani da shi da lokacin da ba a yi.

Akwai abin da ya keɓanta da harkar gini?

Akwai, kuma a ganina nan ne manhajojin da aka yi domin kantuna suke kasawa. Ba a biyan kuɗin gini gaba ɗaya, ana biya ne mataki-mataki gwargwadon aikin da injiniya ya tabbatar, a cire wani ɓangare na kuɗin somin aiki da aka bayar tun farko, a kuma riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har sai lokacin gyaran lahani ya wuce. Ga harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, ga kuma harajin da ake cirewa tun daga tushe. A aikin naira miliyan 4, VAT naira 300,000 ne, kuɗin riƙo kuma naira 200,000. Bayanin dole ya faɗi ko jimillar da za a shigar ta haɗa da VAT ko ba ta haɗa ba, da kuma wanda zai yi lissafin, manhajar ko wakilin. Idan an yi shiru a kan wannan, ana iya ɗora harajin sau biyu. Abin da ya fi dacewa shi ne manhajar ta yi lissafin da kanta, domin wakilin bai kai ta tabbas a ƙididdiga ba.

Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki fa?

Duk wanda ya yi aiki a ƙauyukan Hadeja ko Gumel ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Wakilin ya aika umarni, amsa ba ta dawo ba, sai ya sake aikawa, mai aiki kuma ya wayi gari da takardu biyu a kan bulo ɗaya. Bayani mai inganci yana faɗin ko maimaita kira yana haifar da sabuwar takarda, ko kuwa akwai lamba ta musamman da ke sa manhajar ta gane kira ɗaya ne. Yana kuma faɗin abin da ba ya janyuwa, kamar share takarda ko tura ta, tare da sharaɗin neman amincewar mutum tukuna. MCP yana da alamomin da ke nuna cewa kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna, amma tsarin da kansa ya yi gargaɗin kada a dogara da su sai daga tushen da aka amince da shi. Saƙon kuskure ma abin dubawa ne: "lambar haraji ba ta cika ba" tana nuna wa wakilin abin gyara, lamba tsirara kuwa ba ta nuna masa komai.

Wanda bai san harkar kwamfuta ba zai iya wannan gwaji?

Zai iya rabinsa. Ya sa a fassara masa bayanin, ya ba magatakardan da bai taɓa ganin manhajar ba, ya ce ya cike takarda da shi kaɗai. Duk inda ya tsaya yana tambaya, giɓi ne. Daga nan sai a ɗauko tsofaffin takardun da aka riga aka biya, a ba wakilin ya sake yin su a asusun gwaji, a kwatanta sakamakon layi-layi. A sa masa da masu wuya: masu aiki biyu da suna iri ɗaya, kamar Alhaji Sani na Kazaure da Alhaji Sani na Dambatta, ko ƙarin aikin da aka yi bayan an sa hannu a kwangila.

Bayanan masu aiki fa?

Lambar asusun banki da lambar waya suna ƙarƙashin dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023, saboda haka bayanin ya kamata ya faɗi abin da kowane kayan aiki yake dawo da shi, kada neman suna kawai ya kwaso har da asusun mutum.