Ma'anar Kalmar Distofiya: Labarin Garin Da Zalunci Ya Zama Doka

'Yar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, nan Damagaram, ta kwana uku ba ta yi barcin kirki ba saboda wani littafi na Faransanci da ƙawarta ta ara mata. Daren da ta kai ƙarshensa wuta ta ɗauke a unguwarmu, sai ta shige gidan sauro da fitilar salularta. Da asuba na fito alwala na tarar da ita zaune bakin ƙofa, idanu sun yi jajur, littafin a kan cinya, ta sa tsinken tsintsiya a shafin da take son komawa. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, gabana bai daina faɗuwa ba. A bayan littafin an ce wai distofiya ne. Mene ne shi da Hausa?"

Asalin kalmar daga Girkanci ne, gaɓa biyu aka haɗa: ta farko na nufin mummuna ko mai wahala, ta biyu kuma wuri. Wato mugun wuri. Amma ba za a gane ta ba sai an san kishiyarta, wadda ta girme ta. A 1516 wani Bature na Ingila, Thomas More, ya rubuta littafi da Latinanci kan wani tsibiri na ƙirƙira inda komi ke tafiya daidai, ya sa masa suna Utopia, ma'ana wurin da babu shi. Daga nan duk wata al'umma ta mafarki sai a kira ta da wannan suna. A 1868 masanin falsafa John Stuart Mill ya juya kalmar ta koma distofiya a majalisar dokokin Ingila, yana sukar manufofin gwamnati kan ƙasar Ayalan, yana nuna cewa abin da suke shiryawa ya yi munin da ba zai aikatu ba.

To yau idan aka ce labari distofiya ne, ana nufin ƙagaggen labari ne kan wata al'umma, galibi ta nan gaba, wadda aka tsara rayuwarta bisa danniya. Kalmar "tsara" ita ce ƙashin bayan zancen. Ba garin da yaƙi ko ambaliya ya ci ba ne, kowa na gudun ceton rai. Gari ne mai ofisoshi, da rajista, da ranakun biki, masu mulkinsa na cewa duk abin da suke yi don alherin jama'a ne. Littafin George Orwell mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, shi ne aka fi buga misali da shi: allo a bangon ɗaki yana kallonka, ma'aikata na sake rubuta tsofaffin jaridu, ana rage kalmomin harshe da gangan don kada mutum ya sami bakin faɗin abin da ke ransa.

Da zan yi mata bayani sai na tuna mata da Kusugu. Duk yaron ƙasar Hausa ya san macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo da takobi ya sare masa kai, gari ya huta. Na ce mata ta ɗauki wannan labarin ta cire macijin. A madadinsa ta sa doka, da mai gadi wanda ɗan unguwa ne, da littafin sunayen waɗanda aka yarje wa jan guga, da malamin da ke koya wa yara cewa shan ruwa kullum cuta ne. Wane kai baƙon zai sare? Ta yi shiru, sannan ta ce ai har mutanen garin ma za su iya kama shi su miƙa. Na san ta gane.

Littafin da ya hana ta barci shi ne Hunger Games na Suzanne Collins, 'yar Amurka, wanda ya fito a 2008, aka yi fim ɗinsa a 2012. Ƙasa ce mai gundumomi 12 a ƙarƙashin babban birni guda. Kowace shekara ana zaro sunaye ta hanyar ƙuri'a a kowace gunduma, a ɗauki yaro ɗaya da yarinya ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su yi ta faɗa har sai ɗaya ya rage, ana nunawa a talabijin. Na zaci kashe-kashen ne ya tayar mata da hankali. Ashe ba shi ba ne. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ɗan talaka na iya ƙara sunansa sau da yawa cikin ƙuri'ar don a ba gidansu hatsi da mai. "Kawu, ba wanda ya tilasta musu fa," in ji ta, "yunwa ce ke rubuta sunan."

A ganina wannan ne ya sa irin waɗannan littattafai ke kama matasa fiye da manya. Yarinya mai shirin bak, jarrabawar gama lise, ta san yadda ake ji idan takarda guda ce za ta raba ka da abokanka. Ta san dokar da ba a tambaye ta ba kafin a kafa. Kuma ta tashi a garin da, idan rani ya tsananta, akan jera jarkoki a bakin famfo tun tsakar dare, a ga wanda ke iya biyan ɗan ga-ruwa da wanda zai kwana a layi. Marubuciyar ba Damagaram take nufi ba, amma mai karatu da nasa idon yake karatu.

Akwai inda nake ƙin yadda ake amfani da kalmar. A fada, wajen shan shayi, na ji samari na kiran kowace wahala distofiya, tsadar shinkafa ko zafin watan Afrilu. Wahala daban, wahalar da aka shirya aka kuma sa mata sunan alheri daban. Haka kuma labarin distofiya ba duban abin da zai faru ba ne. Marubucin yakan ɗauki abin da ya riga ya gani a zamaninsa ne ya ja shi har iyaka.

Batun sunan Hausa kuwa, ban gamsu da "mugun gari" ba, don bai ɗauko tsarin ba. Na ba ta shawarar "labarin mulkin ƙangi". Ita ta ce ta fi son "garin da aka saba da zalunci", domin abin da ya fi ba ta tsoro a littafin 'yan kallo ne masu tafi. Muna cikin wannan gardama mahaifiyarta ta leƙo ta ce kunu na hucewa, lokacin makaranta kuma ya yi. Ta tura littafin cikin jaka tare da kayan lissafi, ta ce da ni in tambayo mata ko akwai mai kashi na biyu na littafin a unguwar Birni.