Ragon dutse na Arewacin Amurka

Ragon dutse na Arewacin Amurka, wanda masana kimiyya ke kira Ovis canadensis, tunkiyar dawa ce da ke zaune a duwatsun yammacin nahiyar, tun daga Alberta da British Columbia a Kanada har zuwa arewacin Meziko. Masanin dabbobi George Shaw ne ya raɗa masa wannan suna a 1804. Jikinsa ruwan ƙasa ne, ɗuwawunsa fari. Babban rago kan kai kilo 140, ƙahoninsa kaɗai kuma su kai kilo 14, sun lanƙwashe sun zagaye kunne. Ƙahon yana yin zobe ɗaya duk shekara, don haka da shi ake ƙirga shekarun dabbar. Na tunkiya gajere ne siriri.

Ba a cika ganinsu kusa ba sai da hunturu. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawar kan tsaunuka, garken yakan gangaro kwazazzabai, ya fi son gangaren da ke kallon kudu, inda rana ke narkar da ƙanƙara da wuri. Ba sa nisa da dutse mai tsini, domin nan suke hawa su tsere wa damisar dutse da ake kira puma. A Nuwamba da Disamba ake barbara. Raguna biyu su ja da baya, su miƙe kan ƙafafun baya, su haɗu da karo, ƙarar ta ratsa kwazazzabon. Tumakin kan haihu wajen Mayu da Yuni.

Daga cikin wuraren da masu ɗaukar hoto suka sani akwai kwazazzabon Waterton kusa da Denver a jihar Colorado, wadda ta ɗauki dabbar a matsayin alamarta a 1961. Hanyar tsakuwa ce mai kimanin kilomita 10 a bakin kogin South Platte, kuma sau da yawa tumakin suna kiwo a gefenta. An hana shiga da kare saboda su. Ana ganinsu kuma a garin Georgetown na Colorado da arewacin gandun Yellowstone, inda doka ta ce kada a matso kusa da mita 23.

Wannan doka tana da dalili mai ƙarfi. Da hunturu abinci ya yi ƙaranci, dabbar na rayuwa da kitsen da ta tara, duk gudun da aka sa ta yi asara ce. Mai hoto na ƙwarai yakan yi amfani da kyamara mai jawo nesa, ya tsaya ta ƙasan garken, ya bar musu hanyar hawa dutse. Idan rago ya daina kiwo ya zuba wa mutum ido, to an matso da yawa.

Babbar barazana gare su ita ce cutar huhu da suke ɗauka daga tumakin gida. Ita da farauta suka kusa ƙarar da su wajen 1900, har yau kuma tana iya kashe yawancin garke idan ta shiga.