Intaferon: Furotin Mai Yi Wa Jiki Kururuwa

Mene ne intaferon?

Furotin ne da ƙwayar halitta ke saki da zarar bairus ya shige ta. Shi kansa ba ya kashe bairus. Aikinsa irin na mai gidan da ɓarawo ya haura wa ne, ya ƙwalla kururuwa, maƙwabta suka farka suka sa sakata. Ƙwayoyin da ke kusa suna karɓar saƙon, wasu furotin nasu masu suna JAK da STAT su isar da shi can ciki, sai ɗaruruwan ƙwayoyin gado su tashi aiki, a hana bairus hayayyafa.

Wa ya gano shi?

Alick Isaacs da Jean Lindenmann, a Landan, shekarar 1957. Sun zuba bairus ɗin mura da aka kashe da zafi a kan tantanin ƙwan kaza, suka ga tantanin ya fitar da wani abu da ke tare wa bairus mai rai hanya.

Iri nawa ne?

Gida uku. Alfa da beta na gidan farko, gama na biyu, sai lamda da aka gano a 2003.

Me ake yi da shi a ɗakin gwaji?

Wani lokaci rashinsa ake nema. Ƙwayoyin Vero, da aka samo daga ƙodar wani biri na Afirka a Japan a 1962, ba sa iya yin alfa da beta, shi ya sa bairus ke yaɗuwa cikinsu son ransa, masu haɗa rigakafi su girbe. Akwai kuma gwajin tarin fuka irin QuantiFERON: a haɗa jini da furotin na ƙwayar cutar, a auna intaferon gama ɗin da ya fito. Allurar BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, ba ta rikita sakamakonsa, sai dai ba ya bambance tarin da ke kwance da wanda ya tashi.

To me ya hana a riƙa yi wa kowa allurarsa?

Wahala. Yana kawo zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da kasala, kamar mai fama da mura mai tsanani. Masu ciwon hanta nau'in C da aka yi wa magani da shi sun sha wannan wata da watanni kafin ƙwayoyin sha irin sofosbuvir su fara karɓe filin daga ƙarshen 2013. Sannan wasu bairus ɗin sun ƙware a toshe bakin mai kururuwa. Na zazzaɓin Lassa yana da furotin da ke ɓatar da sawunsa tun kafin ƙwayar halitta ta ankara.