Code of Hero (kashin shirin Beast Wars: Transformers)

"Code of Hero" kashi ne na shirin talabijin mai suna Beast Wars: Transformers, wato zane mai motsi da aka haɗa da kwamfuta a kan wasu mutum-mutumi masu rikiɗa su koma dabbobi. Shi ne kashi na 9 a zango na biyu, kuma na 35 idan aka ƙirga daga farkon shirin. An fara nuna shi a Amurka ranar 9 ga Maris, 1998. Ian Weir ne ya rubuta labarin, Bob Forward ya ba da umarni, kamfanin Mainframe Entertainment da ke birnin Vancouver a Kanada ya yi aikin zanen. Tsawonsa kimanin minti 22 ne. A wannan kashi ne Dinobot, ɗaya daga cikin manyan taurarin shirin, ya rasa ransa yana kare wani kwari da kakannin 'yan Adam suke zaune a ciki. Masu bibiyar Transformers da dama suna ɗaukarsa a matsayin kashi mafi kyau a shirin gaba ɗaya.

Shirin da ya fito a cikinsa

An nuna Beast Wars daga 1996 zuwa 1999, kashi 52 a zango uku: 26 a na farko, 13 a na biyu, 13 a na uku. Kamfanin Hasbro mai sayar da kayan wasan yara ne ya ɗauki nauyinsa domin tallata sababbin kayan Transformers, waɗanda a wannan karon suke komawa dabbobi maimakon motoci da jirage. A Kanada tashar YTV ta nuna shi da sunan Beasties. Bob Forward da Larry DiTillio su ne suka riƙe ragamar labarin.

Ɓangarori biyu ne suke yaƙi. Akwai Maximals, jikokin Autobots, wato jaruman tsohon shirin Transformers na 1984, ƙarƙashin Optimus Primal wanda yake komawa goggon biri. Akwai kuma Predacons, jikokin Decepticons, abokan gabar Autobots, ƙarƙashin wani Megatron wanda ya ari sunan tsohon Megatron na shirin 1984. Wannan Megatron ɗin ya saci wani faifan zinariya daga duniyarsu ta Cybertron ya gudu, Maximals suka bi shi, kumbunan biyu, Axalon da Darksyde, suka ratsa zamani suka faɗo a wata duniya da ba su sani ba. Duniyar cike take da ɗanyen makamashin energon, wanda yawansa yake lalata jikin ƙarfe, dole ta sa kowa ya ɗauki siffar dabba don ya kare kansa. Sai a farkon zango na biyu aka tabbatar cewa wannan duniya tamu ce, kimanin shekaru miliyan 4 da suka wuce.

Dinobot kafin wannan kashi

Ba a fahimtar nauyin "Code of Hero" sai an san inda Dinobot ya fito. Asalinsa ɗan Predacons ne, siffarsa kuma ta dainoso mai suna Velociraptor. Tun a kashin farko ya zargi Megatron da kawo su duniyar da ba ita suka nufa ba, ya nemi ya ƙwace shugabanci, aka harbe shi aka yar. Daga nan ya tare Maximals a kan wata gadar dutse ya ƙalubalanci Optimus Primal su gwabza, wanda ya yi nasara ya zama shugaba. A tsakiyar faɗan Optimus ya zame zai faɗa rami, Dinobot ya jawo shi sama, don a wurinsa nasarar da santsi ya kawo ba nasara ba ce. Haka ya shiga cikin Maximals ba tare da ya taɓa daina ɗaukar kansa ɗan Predacons ba.

Tsawon zango na farko mai kallo ya san shi da zafin kai, da son a gama da abokin gaba nan take, da kuma cacar baki kullum tsakaninsa da Rattrap, ɗan Maximals mai siffar ɓera. Rattrap bai taɓa yarda da shi ba, shi kuwa Dinobot ba ya kiransa da komai sai ƙazamin ƙwaro.

A zango na biyu marubutan suka ɗora masa wani nauyi dabam. Bayan an tarwatsa wata na biyu da ke sararin duniyar, wanda ashe makami ne na wasu baƙin halittu, Dinobot ya ɗaga kai ya ga wata guda ɗaya ya rage, ya gane cewa ashe Megatron bai yi ɓatan kai ba tun farko. A kashin "Coming of the Fuzors" ya saci faifan zinariyar. Tambayar da ta hana shi sukuni ita ce: idan faifan yana ɗauke da labarin abin da zai faru nan gaba, kuma labarin ba ya sauyuwa, to mene ne amfanin zaɓin jarumi? A kashin "Maximal, No More" ya koma wurin Megatron, ya miƙa masa faifan, don yana ganin nasara tana can. Da aka umarce shi ya kashe Rattrap don ya tabbatar da mubaya'arsa, sai ya kasa. Ya dawo cikin Maximals, amma faifan ya riga ya tafi, kuma shi ne sanadi.

Faifan zinariya

Faifan da ake ta rigima a kansa ba ƙirƙirar marubuta ba ne. Hukumar NASA ta Amurka ta liƙa irinsa a jikin kumbunan Voyager 1 da Voyager 2 da ta harba a 1977. Faifai ne na tagulla da aka shafe da zinariya, faɗinsa kimanin santimita 30, an naɗi hotuna fiye da 100 a ciki, da sautuka da kiɗe-kiɗe na sassan duniya, da gaisuwa cikin harsuna 55. Masanin taurari Carl Sagan ne ya shugabanci kwamitin da ya zaɓi abin da za a saka. A cikin shirin, faifan ya faɗa hannun mutanen Cybertron, kuma tunda an koma da shi can baya cikin zamani, duk abin da ke cikinsa ya zama labarin gobe.

Yadda labarin ya gudana

Kashin ya buɗe da Dinobot shi kaɗai a ɗakinsa, a durƙushe, takobi a hannu, ya juya tsininsa yana fuskantar ƙirjinsa. Ba a furta kalma ko ɗaya a kan abin da yake nufin yi ba. Ya daɗe a haka, sannan ya yi jifa da takobin. Da ya fito sai ya yi kiciɓis da Rattrap, wanda ya goranta masa batun faifan, ya ce da can yana zaton ya san inda Dinobot ya tsaya. Wannan karon Dinobot bai rama ba. Ya ɗauki makamansa ya fita don ya gyara ɓarnar da ya yi.

Ya yi wa Tarantulas, ɗan Predacons mai siffar gizo-gizo, kwanton ɓauna, ya tilasta masa ya kai shi inda Megatron yake. A can Megatron yana gwaji. Ya haska wani hoto daga faifan, hoton wani tsauni kamar yadda zai kasance bayan miliyoyin shekaru, ga kuma tsaunin nan a tsaye a gabansa. Ya umarci Rampage, ƙaton da yake komawa kaguwa da tankar yaƙi, ya harbe ƙololuwar tsaunin. Tsaunin yana rushewa, hoton da ke faifan ya sauya ya nuna shi a guntule. Ke nan abin da ke tafe yana iya sauyuwa, kuma mai riƙe da faifan yana iya duba sakamakon aikinsa nan take.

Daga nan Megatron ya juya kan kwarin. Dalilinsa shi ne, a babban yaƙin da za a yi nan gaba, taimakon 'yan Adam ne zai ba Autobots nasara a kan Decepticons. Idan aka hallaka kakannin mutane tun suna 'yan tsiraru a kwari guda, tarihi zai juya. Ya ba da umarni a ƙone komai.

Dinobot ya kira sansani. Optimus ya ce ya dakata, suna tafe. Dinobot ya duba wutar da ke ci ya ga kafin su iso babu abin da zai rage. A nan ne ya yi jawabin da aka fi tunawa da shi, inda ya ce tambayar da take damunsa ta sami amsa, gobe ba a kulle take ba, zaɓinsa nasa ne, amma ga shi yanzu da ya san haka ya tarar ba shi da wani zaɓi sai ɗaya, domin shi mayaƙi ne. Duk kashin a kan wannan gaɓa ya tsaya. Da gwajin Megatron ya nuna akasin haka, da shigarsa kwarin ba ta da wata daraja.

Ya sauka shi kaɗai ya fuskanci mayaƙan Predacons. Ya kayar da Inferno ya yi garkuwa da jikinsa daga harsasan Blackarachnia. Ya cusa Waspinator a bakin igwar Rampage, igwar ta fashe da su biyun. Kafin ya kai kan Quickstrike hasken da yake harbawa da idanunsa ya ƙare, sai da hannu ya gama da shi. Kwamfutar cikin jikinsa ta yi ta gargaɗi cewa ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, dole ya shiga dogon suman da yake tsare ran mutum-mutumin da ya ji rauni har a gyara shi. Ya soke umarnin. Mai kallon da ya saba da shirin ya san ma'anar hakan, domin wannan suman ne yake sa a farfasa tauraro yau a gan shi garau a kashi na gaba.

Megatron ya tare shi da ɗaya daga cikin halittun kwarin a ɗaure, yana garkuwa da shi, yana tambayarsa cikin izgili me kuma ya rage da zai iya yi. Dinobot ba shi da makami. Ya ɗauki sanda ya kai duka, Megatron ya make shi gefe. Sai ya buga sandan a kan wani dutse, dutsen ya maƙale a bakinsa ya zama guduma. Da ita ya doki Megatron har faifan ya suɓuce, ya cafe shi, ya tattara ɗan abin da ya rage masa na ƙarfi ya tarwatsa shi. Maximals suka iso, Megatron ya gudu.

Rhinox, ɗaya daga cikin Maximals, ya duba shi ya ce raunin ya wuce gyara. Rattrap ya riƙe hannunsa ya maimaita zagin da ya saba, ya ƙara da cewa yanzu kam ya san inda ya tsaya. Dinobot ya mayar masa da martani irin na kullum, ko a bakin mutuwa bai sauya harshe ba. Wasiyyarsa ita ce a ba da labarinsa ga duk wanda ya tambaya, a faɗi gaskiya, mugun aikinsa tare da na kirki, a yi masa hukunci a kan haka. Bayan jana'iza, kashin ya rufe da halittar nan da aka ceto ta tsinci gudumar, ta fasa ɗan itace da ita, ta kuma kare kanta daga wani ƙaton maciji.

Shirin bai ambaci sunan kwarin ba. Kayan aikin dutse mafi daɗewa da masu haƙar tarihi suka samu sun fito ne daga Lomekwi a Kenya, shekarunsu kimanin miliyan 3.3, wato ƙasa da zamanin da labarin ya ɗauka.

Rubutu da shiryawa

Ian Weir marubucin wasan kwaikwayo ne ɗan Kanada, wanda daga baya ya ƙirƙiro shirin Arctic Air na tashar CBC. Ya rubuta wasu kashi na Beast Wars, ciki har da "Possession". Kalmomin ƙarshe na Dinobot an ɗauko su ne daga mutuwar Hamlet a wasan Shakespeare, kuma ba wannan ne karo na farko ba, domin tun ranar da ya saci faifan ya ari shahararren jawabin wannan wasa. Robert Buckley ne ya tsara kiɗan.

Kashe taurari ba sabon abu ba ne a Transformers. Fim ɗin Transformers na 1986 ya kashe Optimus Prime, shugaban Autobots, da wasu tsofaffin taurari don a buɗe wa sababbin kayan wasa hanya, abin da ya jawo ƙorafin iyaye har aka dawo da shi a 1987. Beast Wars ma yana da irin wannan matsi, ga tsadar ƙera kowane tauraro a kwamfuta, shi ya sa yawansu bai taɓa wuce kima ba. A farkon zango na biyu Scorponok da Terrorsaur sun faɗa narkakken dutse cikin 'yan daƙiƙu, aka wuce wurin. Dinobot yana cikin waɗanda ba a ba sabon jikin Transmetal ba, wato sabuwar siffar da wasu taurari suka samu a zango na biyu. Bambancin shi ne an kwashe kusan zango guda ana share fagen mutuwarsa, kuma ta fito daga halinsa da kuskurensa.

Muryoyi

Scott McNeil ne ya yi muryar Dinobot, kuma shi ne ya yi ta Rattrap, da Waspinator, da Silverbolt. Ke nan a zancen bankwana mutum ɗaya ne yake magana da kansa. Garry Chalk ya yi Optimus Primal, David Kaye ya yi Megatron, Richard Newman ya yi Rhinox, Venus Terzo ta yi Blackarachnia, Campbell Lane ya yi Rampage. A Japan an nuna zango na biyu da na uku da sunan Beast Wars Metals daga 1999, Keiji Fujiwara ne muryar Dinobot.

Abin da ya biyo baya

Rasa faifan bai tsayar da Megatron ba. A kashi uku na "The Agenda" da suka rufe zangon, an bayyana cewa tsohon Megatron ya ɓoye saƙo a faifan, yana umartar jikokinsa su koma baya su kashe Optimus Prime yana kwance a sume cikin Ark, kumbon Autobots. A zango na uku Megatron ya ƙera wani Dinobot na biyu da rabin ran Rampage, mai biyayya gare shi. A kashin ƙarshe, "Nemesis" na biyu, bayan mutuwar Rampage, wannan Dinobot ya tuna wanda ya gabace shi, ya bijire wa Megatron ya taimaki Optimus. An rubuta wani kashi mai suna "Dark Glass", na Christy Marx, wanda zai bayyana yadda tunanin tsohon ya shiga sabon, amma ba a yi shi ba. 

Karɓuwa

A 2010 Hasbro ta buɗe zauren karrama taurarin Transformers, ta bar gurbi ɗaya ga ƙuri'ar masoya. Dinobot ne ya lashe, ya doke tsofaffin taurari irin su Soundwave da Grimlock. Kamfanin Takara Tomy ya fitar da abin wasa mai siffarsa a jerin Masterpiece, lamba MP-41, a 2018.

Kashin yana cikin faifan DVD na zango na biyu da Rhino ya fitar a wajajen 2004, da kuma wanda Shout! Factory ya sake fitarwa a 2011.