Wai Majalisa ba ruwanta da soja?

Jiya a teburin mai shayi can wajen Ƙofar Kaura wani dattijo ya rantse wai in yaƙi ya ƙare babu ɗan majalisar da ya isa ya tambayi janar ina kuɗin makamai suka shiga, tunda shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa. Na ce Baba, a yi haƙuri, ba haka abin yake ba.

Ni ban ga laifinsa ba fa, lokacin da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 babu majalisa sam, Gowon ne ke mulki, sai 1979 ta dawo, mutanenmu suka saba soja ba a tambayarsa. Amma kundin tsarin mulkin 1999 sashe na 88 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincikar duk hukumar da ta ware wa kuɗi, sashe na 89 kuma ya ce tana iya kiran mutum ya zo ya ba da shaida, ko da hafsan soja ne. Kasafin barikin ma sai sun amince. Hukunci dai ba nasu bane, na kotu ne.

Ko suna amfani da ikon yadda ya kamata? To, nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya.